Kwana Shida Ina Bin Waya a Jiratawa

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin Litinin aka kira ni a waya. Ina zaune a ƙofar shagona a Katsina, Audu tela yana kan bencina, Malam Nasiru mai sayar da ƙwan fitila yana tsaye. Su biyun nan suka fi damuna da tambaya tun da na dawo, su da duk wanda ya zo sayen soket. Na gaji da maimaitawa, kuma kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Har an ce wuta ta kama ni na suma. Ban suma ba. Ga yadda aka yi, bi da bi.

Mai kiran ƙanwata ce Hindatu, wadda ke aure a Maraɗi. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Yaya, in da hali ka zo gobe. Ranar Juma'a za a yanke wa Isuhu wuta."

Isuhu mijinta ne. Yana da garka a Jiratawa, zogale da tattasai, kuma da ita gidan yake ci. Garake huɗu ne a jere, mita ɗaya suke sha, kowa da injin ban-ruwansa na lantarki. A tsakiya akwai kwamin siminti inda mata ke wanke ganye, kuma bututun ƙarfen da ke zuba ruwa a ciki daga injin Isuhu ya fito. An daɗe ana cewa bututun yana ɗan cizo. Ranar Asabar matar shugaban masu garaken ta dafa shi, wuta ta yar da ita, tafin hannunta ya ƙone. Masu gyara biyu sun duba ba su ga komai ba. Sai aka kewaye kwamin da ƙaya, aka yanke magana: in an sauko masallaci ranar Juma'a ba a gano laifin ba, za a cire wayar Isuhu daga mitar gaba ɗaya. Bazara ce. Tattasai ba ya kwana uku babu ruwa.

Shekara ashirin da biyu ina haɗa wutar gidaje. Na ce mata aikin yini ɗaya ne.

Talata da safe na shiga motar Jibiya da jakar kayan aikina a kan cinya. Mu bakwai ne a motar mutum biyar. Wata tsohuwa mai buhun kanwa ta yi ta zungurina da gwiwar hannu tana cewa ƙarfen jakata na sukar ta. Na juya jakar sau uku. A na huɗu na ce, "Iya, ƙarfen da ke sukar ki na kujera ne." Ta ce to ai ni ne mai gyara, in gyara.

A kan iyaka muka sauka, aka duba takardu a ɓangarenmu, muka taka muka shiga wata motar. A Ɗan Isa wani jandarma ya buɗe jakata, ya ɗauko mitar gwajina mai wayoyi biyu, ya yi magana da Faransanci. Da ya ga na yi zuru sai ya koma Hausa, irin ta Gobirawa.

"Wanga mi na ne?"

Na ce na awon wuta ne. Ya zaro batir daga cocilarsa ya ce in auna. Na auna, na ce ya mutu. Ya ce jiya ya saye shi. Na ce to jiya aka sayar masa da gawa. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, ya miƙo mini jakata ya ce in sauka lafiya.

Abin da ban sani ba, Jiratawa a kan hanyar take, kafin a shiga Maraɗi. Na ga kore shar a gefen titi, na ga mata da kwandunan zogale, ban tambaya ba. Sai da na isa gidan Hindatu a Sabon Gari aka ce ai na wuce wurin aikin. Na ce a koma yanzu. Isuhu ya ce baƙo ba ya fita aiki ranar da ya sauka. Wannan ce asarar farko, rabin yini.

A ɗakin zaure aka sauke ni. Nan na fara ganin bambanci. Soket ɗinsu ramuka biyu ne zagayayyu, cajar wayata mai ƙafa uku ta ƙi shiga, sai da aka aro mini wata. Wuta kuwa kuran suke ce mata. Asibiti likita suke cewa, makaranta lakwal. An kawo mini dambun zogale, wanda ban taɓa cin mai daɗinsa a Katsina ba, da fura mai kauri, da dogon burodi kamar sanda mai yanka dasashi. Bayan la'asar maƙwabta suka taru a ƙofar gida aka ɗora shayi a ɗan mangal. Mu a gida shayi kofi ɗaya ne, ka sha ka tashi. Su kuwa sau uku ake dafa shi, a ɗan kofin da bai kai babban yatsa ba, kuma wanda ya sha na farko ya tashi ya yi rashin kunya. Na sha ukun ina duba agogo.

Laraba na shirya tun bakwai. Isuhu ya ce sai mun gaida yayan mahaifinsa, sai mun gaida limamin unguwa, don kada a ji surukinsa ya zo bai leƙa ba. Muna fita daga gida na uku babur ɗinsa ya yi faci. Ba mu isa garka ba sai sha biyu da rabi, rana ta take tsaka, ƙasa ta bushe ƙayau.

Shugabansu yana jiran mu a gindin mangwaro. Malam Garba sunansa, amma Firzidan suke kiransa. Dogo ne, ba ya dariya, ko da yake ban ga laifinsa ba tun da hannun matarsa na naɗe.

"Kai ne na Najeriya?"

"Ni ne."

"Biyu sun zo, sun ce lafiya lau. Kai ne na uku."

Na bi tsarina. Na farko, na duba injin, na buɗe murfinsa, babu wayar da ta taɓa jiki. Na biyu, na duba makunni. Na uku, na sa aka tada injin, na kafa ƙarfe a ƙasa, na auna tsakaninsa da bututun. Mitata ta ɗan motsa, abin da bai taka kara ya karya ba. Na huɗu, na kashe na sake tadawa, haka dai. Daga ƙarshe na ɗora bayan hannuna a kan bututun. Shiru.

Na miƙe na ce ban ga komai ba.

Firzidan ya kalle ni, ya kalli Isuhu. "Ashe kuran ɗin ma ya san baƙo. To Malam, ka zo gidana ka gaya wa hannun iyalina haka."

Na tattara kayana muka kama hanyar gida. Abin da na lura da shi kawai, tun da muka shiga garkar Isuhu bai taka layin zogalen da ke gabas da kwami ba, kewaya shi yake yi. A lokacin na ɗauka ƙaya yake gudu.

Hindatu ce ta ba ni bakin zaren, tana kwashe kwanoni.

"Yaya, ƙarfe nawa ka auna?"

"Wajen ɗaya."

"Su ma waɗancan da rana suka je. Mata kuwa da safe suke wanke ganye, bayan an gama ban-ruwa."

Na aje cokali. Shekara ashirin da biyu a cikin gidaje busassu, wayata a cikin bango take, ban taɓa tambayar ƙarfe nawa wuta ke cizo ba. Wayar Isuhu kuwa daga mita zuwa inji a cikin ƙasa take, taku kusan tamanin. In rigarta ta yi rauni a wani wuri, mitata ba za ta nuna inda yake ba, kuma ba na son in neme shi da wuta a kunne a cikin laka. Wani maƙwabci ya ce akwai wani tsoho a Tsibiri mai suna Yohanna da ya koyar da aikin wuta, yana da na'urar gwada rigar waya.

Alhamis da sassafe na hau kabu-kabu zuwa Tsibiri. Mai babur ɗin ya tambayi wa nake nema, na ce Yohanna. Ya ce, "Mushe Yohanna? Kowa ya san shi." Haka suke kiran malamin boko a can. Ni dai bakina ya ƙi, Malam na riƙa ce masa. Kirista ne, gidansa yana bayan wata 'yar majami'a ta ƙasa. Na tarar ba ya nan, ya tafi gona sharar kara. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin darbejiya, ta kawo ruwa, ta aje mini buta ba tare da na tambaya ba. Awa huɗu na yi a tabarmar nan. Na tashi na zauna, na ƙirga kajin gidan, na sake ƙirga su. Na yi azahar a masallacin bakin titi na dawo, bai zo ba.

Da ya shigo, ɗan gajere ne mai furfura, da fartanya a kafaɗa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani akwati baƙi, mai hannu a gefe kamar na keken ɗinki.

"Ka san wannan?"

Na ce na taɓa gani, ban taɓa riƙewa ba.

"To ba zan ba ka aro ba. Tare za mu je." Ya zauna yana goge shi da gefen riga. "Kai a ganinka, rigar waya me take yi?"

"Tana hana wuta fita."

"Tana rage mata hanya dai. Ka ga randar ƙasa? Tana riƙe ruwa, amma in ka shafa bayanta za ka ji raɓa. Haka kowace roba take, ko sabuwa fil, akwai ɗan abin da ke tsatsowa, sai dai bai kai a ji shi ba. Zafi ya dafa ta, shekaru su tsattsaga ta, ruwa mai taki ya kwanta a kanta, sai hanyar ta buɗe. Mitarka da ɗan batir take tambaya, a hankali. Wannan kuwa da ƙarfi yake turawa, sai rigar ta faɗi gaskiya."

Na tambaye shi me ya sa abin da ke yanke wuta da kansa a jikin mita bai yanke ba.

"Shi sai ta zuba da yawa yake ji. Jikin mutum ya fi shi kunne."

Na ce mu tafi yanzu. Ya ce yamma ta yi, kuma aikin na safe ne. Asara ta biyu ke nan. Na koma Maraɗi da yini ɗaya tak a hannuna.

Juma'a ƙarfe shida da kwata muna garka: ni, Malam Yohanna, Isuhu. Firzidan ya ce sai bayan masallaci zai zo. Aikin farko shi ne a raba wayar Isuhu da mita. Na kashe makunninsa, na buɗe akwatin. A nan ne abin da ake ta yaɗawa ya faru, don haka bari in faɗe shi daidai. A wurinmu, a wayar gida, ja ce mai wuta, baƙa ba ta da ita. Na ga wata baƙa ta tare mini hanya a sama, na kai hannu in kawar da ita. Malam Yohanna ya make mini hannu da bayan sukudireba, har sai da wurin ya tashi.

"A nan shuɗiya ce marar wuta. Baƙar nan daga mita ta fito, cike take."

Na auna, haka ne. Ni da nake korar yaran shagona in sun taɓa waya ba su auna ba. Gaggawa ce ta sa, ba ni da wata hujja. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Muka cire wayar ta kai biyu, wajen mita da wajen inji. Malam Yohanna ya maƙala bakin na'urarsa ɗaya a tagullar wayar, ɗaya a jikin bututun. Ya juya hannun. Allura ta tsaya a sama. Ya ce ba laifi, amma ba yadda ya kamata ba. Sai ya ce a ɗebo ruwa a riƙa jiƙa ƙasa a bin hanyar wayar, taku goma goma, ana jira ruwan ya shiga, shi kuma yana juyawa. Wannan tsari ya yi mini. Ni na ɗauki bokiti.

Goman farko, babu canji. Na biyu, babu. Haka har na biyar. Rana ta fara zafi, rigata ta jiƙe. Isuhu ya ce ko mu huta a sha fura. Na ce a'a. Goma ta shida ita ce layin zogalen gabas da kwami, inda waya ta gitta ta ƙarƙashin bututu. Na zuba bokiti huɗu. Muka jira. Malam Yohanna ya juya, allurar ta gangaro ƙasa ta kwanta.

"Tona nan," in ji shi.

Na miƙa wa Isuhu fartanya. Ya ƙi karɓa. Na tona da kaina. Bai kai kamu biyu ba na tarar da wani dunƙule, kamar kan maciji, manne da bututun. Wayar ce, an taɓa sare ta, an murɗa tagulla da tagulla, an naɗe da robar cikin taya, baƙa, tam-tam, an ƙulle. Naɗin mai kyau ne, irin wanda suke yi wa tiyon ruwa in ya huje. Da na warware, ruwa ya tsiyayo daga ciki, tagullar ta yi kore, kuma a jikin robar akwai wani siririn layi da ya ƙone, daga tagulla har baki.

Malam Yohanna ya bi layin da farce. "Ga hanyarta. Robar taya da baƙin gawayi ake haɗa ta don ta yi ƙarfi, wuta na bin sa a hankali. Ruwa ya shiga ta baki, robar ta riƙe shi a ciki. Kullum safe sai ta ƙona kaɗan, hanyar ta ƙara faɗi."

Na juya wajen Isuhu. Ya riga ya tsuguna.

"Bara ne, Yaya. Ina dashe fartanya ta sare ta. Na ga abin da ke tsare ruwa ai zai tsare kuran. Ta yi wata takwas lafiya."

"Ranar Asabar ka tuna da ita?"

Ya zuba wa ramin ido.

"Ranar Laraba da na ɗora hannuna a bututun nan, ka tuna?"

"Na tuna. Na ji tsoro ne. In Firzidan ya ji ni ne..." Ya ɗago. "Ka ce ɓera ne ya ci. Ko gara. Ka yanke wurin ka haɗa, mu jefar da robar. Don darajar Hindatu."

Na ce ba zan faɗi abin da ban gani ba. Ya kalli Malam Yohanna. Tsohon yana naɗe wayoyin na'urarsa, ya ce, "Ni awo na zo yi. Amma da ni ne, ba zan bari baƙo ya faɗa a madadina ba."

Bayan an sauko masallaci suka taru a gindin mangwaro, masu garake huɗun da wasu 'yan kallo. Firzidan ya zo da filaya a aljihu, na ga kanta. Ya ce, "To, na Najeriya?" Na ce mai garka zai yi magana. Isuhu ya miƙe da dunƙulen a hannu, ya faɗi yadda aka yi, bai rage ba.

Firzidan ya karɓi robar. Na zaci zai jefa masa a fuska. Ya juya ta, ya duba ƙullin, ya daɗe yana kallon layin da ya ƙone.

"Mushe, kana nufin robar ce ba ta da kyau, ko naɗin?"

"Robar. Naɗin ba shi da laifi."

Sai ya ce, "Tawa wayar ma wuri biyu na naɗe ta haka. Ni na koya wa Isuhu ƙullin nan, a kan tiyo."

Wani daga baya ya ce tasa ma akwai ɗaya, kusa da rijiya.

Filayar da aka kawo don wayar Isuhu, da ita aka cire ta kowa. Firzidan ya ce ba a mayar da ko ɗaya sai an tono duka, an sa sabuwar waya marar haɗi a cikin bututun roba, Mushe ya juya na'urarsa a kai. Bai yafe wa Isuhu shirun kwana shida ba, ya faɗa masa haka a gaban jama'a, ya ce kuma sai ya je da ƙafarsa ya ba matarsa haƙuri.

Asabar muka wuni a kasuwar Maraɗi neman waya mai kaurin da ake so, sai yamma aka samu. Lahadi aka yi tono. Malam Yohanna ya ce sai ya fito majami'a, muka jira shi har azahar. A kwanakin nan da guga aka yi ban-ruwa, mata da maza, amma guga ba inji ba ne. Zogale ya jure. Tattasan Isuhu, da ya fara fure, fiye da rabinsa ya zube. Na sauran ma ya taɓu, kuma na ji wasu na cewa da baƙon bai zo ba da asarar ta tsaya a garka ɗaya.

Litinin da safe na kama hanya. Isuhu ya gaishe ni daga ƙofar ɗaki, ya ce yana da aiki a garka. Hindatu ce ta raka ni tasha, da ƙullin busasshen zogale. Ba ta yi mini godiya ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Da mota za ta tashi ta ce, "Zai huce, Yaya. Sai dai ba bana ba." Har yau in na kira, ita ke ɗauka.

Yanzu ga roƙona, gare ku Audu da Malam Nasiru da duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa. In akwai inda ka taɓa haɗa waya ka naɗe da robar taya ko leda ka binne, a gona ko a tsakar gida ko a bayan ɗaki, kai kaɗai ka san wurin. Ka kashe wuta daga mita. Ka kira mai aikin, ka kai shi wurin da kanka ka nuna masa da yatsa. Ka yi haka a makon nan, kafin ruwan farko ya sauka.